Yadda ake yi wa mai tafiya Turai inshorar lafiya, da yadda ake cin moriyarta idan ciwo ya zo

Na daɗe ina haɗa wa mutane takardun biza zuwa Turai: iyaye mata masu zuwa zaman jego wajen 'ya'yansu a Jamus da Faransa, 'yan kasuwa masu zuwa baje koli, malaman jami'a masu halartar taro. A cikin tarin takardun nan, babu wadda ake rainawa kamar inshorar lafiya. Mutum zai yi sati yana gyara bayanin asusun bankinsa, amma inshora sai ana gobe za a miƙa takardu ya ce, "Malam, a cire mini mafi araha, ai don biza ce kawai." Wannan magana tana damuna, domin na ga ranar da takardar take zama ita kaɗai ce tsakanin iyali da bashin da zai ɗauke su shekaru suna biya. Zan bi da kai yadda nake yi daki-daki, ko kai ne matafiyin, ko kuwa Hajiya ko Baba kake shirya wa.

Kayan da za ka tanada

Kafin ka je wajen kamfanin inshora, haɗa waɗannan a jaka guda: fasfo, domin a kwafi suna da lamba daidai yadda suke a ciki, takardar ajiye kujerar jirgi mai ranar tafiya da ta dawowa, wasiƙar gayyata, idan wajen wani za a sauka, duk magungunan da matafiyin yake sha a cikin kwalayensu, katin asibitin da yake zuwa, katin rigakafin shawara, wato yalo kad, adireshin imel da ake buɗewa, da wayar da za ta iya kira a can. Sai ƙaramar jakar leda mai zif da takardun za su zauna a ciki. Kuɗin inshorar ya danganta da kwanaki da shekarun mutum, amma kusan kullum bai kai ko kusa da kuɗin tikiti ba.

1. San abin da doka ta nema

Ƙasashe 29 ne ke cikin tsarin Shengen, inda biza ɗaya take shigar da kai dukansu na kwanakin da ba su wuce 90 ba a cikin 180. Jamus, Faransa, Italiya, Sifaniya, Holan da Beljiyam duk suna ciki, haka ma Siwizalan da Norwe duk da ba sa cikin Tarayyar Turai. Dokar bizarsu ta 2009, a sashe na 15, ta gindaya sharuɗɗa huɗu. Inshorar ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen, ba wadda za ka sauka kaɗai ba. Ta rufe duk kwanakin zamanka. Sannan ta ɗauki nauyin magani na gaggawa, kwanciya asibiti na gaggawa, da mayar da mutum gida saboda rashin lafiya ko rasuwa.

Riƙe kalmar nan, gaggawa. Wanda ya yi niyyar a duba masa ciwon gwiwar da ya shekara biyar da shi, ko a yi masa aikin ido, wannan takarda ba tasa ba ce. Akwai bizar neman magani, da tata hanyar daban. Katin inshorar lafiya na gida, na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ko na wurin aiki, ba ya aiki a can. Inshorar gwamnati da 'yarka ko ɗanka ke ciki a Jamus tana iya ɗaukar miji ko mata da 'ya'ya, amma ba ta ɗaukar uwar da ta zo ziyara.

Ingila ba ta cikin Shengen, Ayilan ma haka. Bizar ziyara ta Ingila ba ta tilasta inshora, abin da ke sa mutane su tafi haka nan. A can ana duba kowa kyauta a sashen gaggawa, amma da zarar an ba baƙo gado, ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin da aikin ya ci, kuma bashin asibiti na Fam 500 zuwa sama da ba a biya ba na iya hana shi biza nan gaba. Idan tafiyarka ta haɗa da Landan, ka faɗa tun farko a sa ta cikin takardar.

2. A fara ganin likita a gida

Wannan mataki nake sawa gaba da sayen inshora, kuma shi aka fi tsallakewa. Sati huɗu zuwa shida kafin tafiya, a kai matafiyin wajen likitan da ya san shi. A auna jini da suga. A roƙi likitan ya rubuta wasiƙa da Turanci, a takardar asibiti mai hatimi, wadda ta faɗi ciwon da mutum yake da shi, magungunan da yake sha da adadinsu, da cewa zai iya tafiya a jirgi.

A nan akwai kuskuren da nake gani kullum: rubuta sunan kamfani a maimakon sunan magani. Likitan Jamus bai san sunan da ke jikin kwalin da aka saya a kasuwar Sabon Gari ba, amma ya san amlodipine, ya san metformin, ya san lisinopril. Sunan asalin yana ƙasan babban suna da ƙananan haruffa. Shi za a rubuta, da ƙarfinsa, misali miligiram 5 ko 10.

A sayi maganin da zai kai ƙarshen tafiya, a ƙara na sati biyu. Kada a ɓare ƙwayoyi a zuba a leda don rage kaya. A bar su a kwalinsu, a sa a jakar hannu. Insulin musamman ba a sa shi cikin babban akwati, saboda sanyin cikin jirgi na iya daskarar da shi ya lalace. Magunguna masu ƙarfi na ciwo ko na barci, irin su morphine, codeine da diazepam, ana sa musu ido a kan iyaka, don haka a duba shafin ofishin jakadancin a ga takardar da suke nema. Irin waɗannan, yawanci ba a barin fiye da na kwana 30. Garin magani na gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna, shawarata a bar shi a gida. Tunda maganar jakar Hajiya ake, kilishi da dambun nama da man shanu ma ba sa shiga, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Kuka da kuɓewa busasshiya ba su cika jawo magana ba.

Yalo kad kuwa, yawancin ƙasashen Shengen ba sa nemansa, amma ana iya tambaya a filin jirgin gida ko a ƙasar da za a ya da zango. Ofishin lafiya na filin jirgi ne ke bayarwa, yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

3. Zaɓen inda za a saya

Hanya uku ce. Ta farko, kamfanonin gida masu lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, irin su AXA Mansard, Leadway da AIICO. Kafin ka biya, duba shafin ofishin jakadancin ƙasar da za ka, domin wasu suna fitar da jerin kamfanonin da suke karɓa. Ta biyu, kamfanonin Turai da ke sayarwa ta intanet, irin su Europ Assistance, idan kana da katin da ke biyan kuɗin waje. Ta uku, wanda ya gayyace ka ya saya maka a can da sunanka, doka ta yarda da haka. A Jamus ana kiran irin wannan Incoming-Versicherung. Ga tsofaffi na fi son wannan hanya ta uku, saboda asibitin can ya san kamfanin, kuma 'yar da za ta yi ta kiran waya tana magana da su da harshen da take ji.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora a tsarin Musulunci, a Najeriya, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Ka tambaye su ko suna da ta tafiya, kuma ko ofishin jakadancin yana karɓarta.

Gargaɗi babba: akwai masu buga takardar bogi a shagon kwamfuta, da tambarin kamfani da komai. Ko ejan ne ya cire maka, karɓi lambar inshorar ka kira kamfanin da kanka, ta lambar da ke shafinsu, ka ce a duba maka ko sunanka na cikin rajista. Takardar bogi na iya jawo a hana ka biza, in kuma ta tsallake, ranar da kake kwance za ka gane babu kowa a bayanta.

4. Karanta sharuɗɗan kafin ka biya

Takardar shaida shafi ɗaya ce, ita ake kai wa ofishin biza. Amma akwai wani kundi mai shafuka da yawa da ake turowa tare da ita, can ainihin yarjejeniyar take. Ka nemi a ba ka shi tun kafin biya, ka zauna da biro. Ga wuraren da nake ja wa layi.

Ciwon da mutum ya zo da shi. A kundin za ka ga an rubuta "pre-existing conditions". Yawancin inshora masu araha ba sa biyan komai da ya samo asali daga ciwon da aka riga aka sani: hawan jini, suga, asma, sikila, ciwon ƙoda. Wato idan mai hawan jini ya samu shanyewar ɓarin jiki a can, kamfanin na iya cewa tsohon ciwo ne ya jawo. Wasu kamfanoni suna biyan abin da zai ceci rai idan tsohon ciwo ya tashi ba zato, wasu suna karɓar ƙarin kuɗi su sa ciwon a ciki. Ka tambaya ƙarara, ka ce a ba ka amsa a rubuce ta imel. Kuma don Allah kada a ɓoye ciwo a fom. Wata baiwar Allah da na taɓa shirya wa tafiya, da na zo kan tambayar sai ta ce, "Ɗan nan, rubuta lafiyata ƙalau, ai hawan jinin ya kwanta." Na ce, "Hajiya, ba kina shan magani kowace safiya ba?" Ta ce tana sha. Na ce to shi ya kwantar da shi, kuma likitan can zai gani a jakarki ya rubuta a rahotonsa, rahoton nan kuwa kamfanin zai karanta. Muka rubuta gaskiya, ɗanta ya biya ƙarin. Kamfanin da ya gano an ɓoye masa abu yana da damar ƙin biyan komai, har abin da bai shafi ciwon ba.

Shekaru. Kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi ko rage abin da suke biya daga shekara 65 ko 70, wasu ma ba sa karɓar wanda ya wuce wani adadi. Duba ranar haihuwar da ke fasfo, da ita za su yi aiki.

Kuɗin da za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya ɗora, wanda suke rubutawa "excess". Wasu ofisoshin jakadanci ba sa son inshora mai irin wannan sharaɗi, kai ma ta fi maka sauƙi idan babu.

Juna biyu. Haihuwa da awo na yau da kullum ba sa ciki. Abin da ake biya, in ana biya, matsalar gaggawa ce zuwa wani adadin makonni. Kamfanonin jirgi ma yawanci suna neman wasiƙar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗauka bayan na 36.

Iyakar ƙasa. Mai tashi daga Kano ta Alƙahira ko Adis Ababa zai yi awanni a ƙasar da ba ta Shengen ba. Inshorar da aka rubuta Shengen kawai ba za ta san da shi ba idan ya faɗi a can. Ƙarin kuɗin a faɗaɗa ta ba shi da yawa.

Sai maganar rasuwa, wadda ba ma son yi amma dole ce. Duba ko kamfanin zai biya kawo gawa gida, da ko zai biya jana'iza a can idan iyali sun zaɓi haka. Biranen Jamus da dama suna da ɓangaren Musulmi a maƙabartunsu. Gara iyali su tattauna wannan cikin natsuwa tun ana gida.

Game da Yuro 30,000 ɗin, ƙasan ma'auni ne. Kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman, da tiyata, da jirgin da zai dawo da mara lafiya tare da ma'aikacin jinya, suna iya cinye shi su wuce. Ga wanda ya haura 60, in da hali, a ɗauki ta Yuro 100,000 ko fiye.

5. Sa kwanaki daidai

Inshora ta fara ranar da za a tashi daga gida, ta ƙare bayan ranar dawowa. Ni nakan ƙara kwana 15 a kai, domin ofishin biza kan ƙara wa wa'adin bizar kwana 15 na sassauci, wasu ofisoshin ma suna so inshorar ta rufe su. Jirgi na iya ɗagewa, jego na iya ja. Duba suna harafi-harafi da fasfo: Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wajensu. Tambayi ko suna mayar da kuɗi idan an hana biza. Da yawa suna yi idan ka nuna wasiƙar ƙin, muddin ranar farawa ba ta wuce ba. Idan biza ta makara har ranar tafiya ta canza, a gyara kwanakin inshorar kafin a hau jirgi. Mai bizar shiga da fita sau da yawa kuma ya sani, inshorar farko ta tafiyar farko ce. Kowace tafiya sai an yi sabuwa, ko a yi ta shekara.

6. Haɗa jakar takardu

Buga takardar shaida kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu tare da wasiƙar likita, ɗaya wajen wanda za a sauka gidansa. Ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa wani a gida. A jikin takardar akwai lambar agaji ta awa 24. Sa ta a waya da lambar ƙasar a gabanta. Ga tsohon da ba ya jin Turanci, ina yanka ɗan kwali daidai aljihu in rubuta sunansa, ciwonsa, magungunansa, abin da jikinsa ba ya so kamar penicillin, lambar inshora, da lambar ɗansa na can. A sa a aljihun riga ko a ƙulle a jakar da ba ta rabuwa da shi.

Wanda ya gayyato ya san nauyin da ya ɗauka. A Jamus, idan ya sa hannu a takardar da ake kira Verpflichtungserklärung, ya yi wa hukuma alkawarin biyan duk abin da aka kashe wa baƙon, har da kuɗin asibiti. Abin da inshora ta ƙi biya, kansa zai dawo.

7. Idan ciwo ya zo

Idan abu ne na rai, kamar ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa, baki ya karkace ko hannu ya saki, suma, zubar jini, ko tsoho ya zame a ƙanƙara ya kasa tashi, a kira 112. Kiran kyauta ne a duk Tarayyar Turai, daga kowace waya. Kada a tsaya neman izinin kamfani, kada a tsaya lissafin kuɗin motar asibiti. Sashen gaggawa zai karɓi mutum. Da zarar hankali ya kwanta, a ranar, a kira lambar agajin inshora a ba su sunan asibitin. Su za su tura wa asibitin takardar alkawarin biya. Yawancin kundaye sun sa wa'adin sanarwa na kwana ɗaya ko biyu, kuma jinkiri na iya zama hujjar rage abin da za su biya. Rubuta lambar fayil ɗin da suka ba ka da lokacin da ka kira.

Idan ciwon bai kai haka ba, mura mai nauyi, gudawa, ciwon haƙori, sai a fara da kiran kamfanin, su faɗi inda za a je. A Jamus likitan unguwa sunansa Hausarzt, kuma idan dare ne ko ƙarshen mako ana kiran 116117 a haɗa ka da likitan da ke bakin aiki. A Faransa lambar agajin lafiya 15 ce, ganin likitan unguwa kuma a farashin gwamnati Yuro 30 ne. A irin wannan ƙaramin ciwo yawanci kai za ka biya, daga baya a mayar maka, don haka a riƙe ɗan kuɗi ko kati.

Kemis ɗin can ba irin namu ba ne. Ba za a sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko na hawan jini ba sai da takardar likita. A Jamus ko farasitamol sai a kantin magani, mai jan harafin A a ƙofa. A Faransa koren kuros ne alamarsa. Ranar Lahadi yawancinsu a rufe suke, amma a ƙofar kowanne akwai sanarwar wanda ke buɗe a kusa.

Zazzaɓi kuwa, a kula da kyau. Mutum na iya ɗauko cizon sauro daga gida, ciwon ya bayyana bayan sati ɗaya ko biyu da sauka. Likitan da ba ya ganin maleriya kullum zai iya ɗauka mura ce. Abu na farko da za a faɗa masa shi ne daga Najeriya aka zo, ranar kaza, a gwada maleriya. Kada a bari ya kwana biyu ana jiƙa magani a gida. Haka kuma ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi bayan doguwar tafiyar jirgi, a je asibiti a ranar, domin gudan jini ne ake tsoro.

Idan likita ya ce ba za a iya tafiya ba har biza ta kusa ƙarewa, a karɓi takardarsa a kai ofishin baƙi, Ausländerbehörde a Jamus, kafin wa'adin ya cika. Doka ta ba da damar tsawaita biza saboda lalura irin wannan. A kira kamfanin inshora su ma kafin tasu ranar ta wuce. Kada iyali su yanke shawarar sayen tikitin dawo da mara lafiya da kansu suna sa ran a biya su. Likitocin kamfanin ne ke amincewa da hakan, su kuma shirya.

8. Karɓo kuɗin da ka kashe

Duk inda aka biya, a karɓi abu uku: takardar caji mai bayanin abin da aka yi, rasit na biya, da rahoton likita mai sunan ciwon. A kantin magani a ajiye kwafin takardar likitan tare da rasit. Rasit ɗin na'ura yana gogewa cikin 'yan makonni, a ɗauki hotonsa nan take. A ajiye guntun katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa, shi ke nuna ranar da aka shiga da ranar da aka fita.

A Jamus takardar cajin takan zo ta gidan waya bayan makonni, sau da yawa baƙon ya riga ya koma. A bar wa asibiti adireshin mai masauki, shi kuma ya riƙa buɗe wasiƙun da suka zo da sunan baƙonsa, saboda akwai ranar biya a jiki, kuma ana ƙara tara idan ta wuce. Cike fom ɗin neman biya, haɗa takardun, ka tura ta imel cikin wa'adin da kundin ya faɗa, ka riƙe na asali har sai sun nema. Idan suka ƙi biya, ka ce su rubuto dalili da sashen kundin da suka dogara da shi, ka mayar da amsa da rahoton likita. Idan kamfanin gida ne kuma kun kasa daidaitawa, hukumar NAICOM tana da sashen karɓar koke. Ka kai musu lambar inshorar, wasiƙar ƙin biyan, da kwafin duk saƙonnin da kuka yi musaya.